Layi na Uku a Bayan Gidan Tudu

Virginia,
27 ga Afrilu, 1976.

Zuwa ga ƙanena Roscoe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Vernell da yara gaba ɗaya. Yaya aiki, yaya sanyin Detroit, ya sake ku ko har yanzu kuna fama? Vernell ta rubuto mini cewa gwiwarka ta matsa maka, Allah ya kawo sauƙi, ya bar mana kai. Mu nan lafiya lau. 'Yata Lorene ta sauka, an sami namiji, kuma kunnuwanka ya kwaso sak, Allah ya ba shi haƙurin zama da su. An gyara rufin coci, wake ya fito, ni kuma ina nan yadda ka san ni, bakin bai mutu ba.

Roscoe, ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba, don haka ka nemi wuri ka zauna. Ka san bana ƙasar nan ke cika shekara ɗari biyu, kuma kwamitin da ke kula da Gidan Tudu ya ɗauki abin da zafi. Sun ce baƙi za su yi ta tururuwa daga ko'ina don ganin gidan Tsohon Shugaba, tunda yana cikin waɗanda suka kafa ƙasar. An shafe ginshiƙai da fenti, an wanke dutsen kabarinsa har yana ɗaukar ido. Sai kuma suka ga wurin ajiye motoci ya yi kaɗan. Ka san inda idonsu ya faɗa? Kan gangaren nan na bayan lambu, gindin itacen al'ul, inda mutanenmu suke kwance. Motocin da kake ƙerawa da hannunka a can, su za a jera a kan kakanninka.

Ba zan ce mugunta ce ta sa su ba, rashin sani ne irin na wanda bai taɓa tambaya ba. Sun duba ba su ga dutse mai rubutu ba, sai duwatsun gona a tsattsaye, da ciyawar nan mai yaɗo mai shuɗin fure, da fasassun kofuna da farantan tangaran. A wurinsu juji ne. Ranar Litinin ta makon jiya suka sa ma'aikata suka tsince duwatsun kaf, suka tara a gefe, suka share tangaran ɗin suka zuba a buhu. Ni ina ciki ina goge azurfa, ban san abin da ake yi ba. Allah ya sa Hosea na cocinmu ne ke tuƙa katafilar da aka kawo don baje wurin. Da ya zo ya leƙa buhun, ya ga rabin kofi, sai ya kashe inji ya sauko. Ya ce musu shi ma an fasa kofin kakarsa an ɗora mata a kan kabarinta, don haka su nemi wani direban, shi ƙafarsa ta ƙi taka wurin. Shi ya hauro da gudu ya kira ni.

Na tarar da Mista Whitlock, shugaban gidan, a ofishinsa. Mutum ne mai ladabi, ya haddace wasiƙun Tsohon Shugaba kamar shi aka rubuta wa. Ya ba ni kujera, na ce na gode, a tsaye na zo a tsaye zan faɗa. Ya ce wai ya bincika takardun gidan ɗaya bayan ɗaya, bai ga inda aka ambaci maƙabarta a wurin ba. Na ce masa ai ba zai gani ba. Maigidan nasa, Tsohon Shugaba, ya rubuta ranar da wakensa ya tsiro, ya rubuta ranar da aka yi ruwa da ranar da dokinsa ya yi tari, amma bai sami sarari ya rubuta inda aka binne wanda ya yi masa aski shekara talatin ba. Ya ce, Ardelia, a yi magana a hankali, ai ma'aikatan gidan suna da daraja a wurinmu. Na ce masa ma'aikaci shi ne wanda in ya gaji zai ɗauki hularsa ya tafi, waɗannan bayi ne, ya faɗi kalmar, ba za ta ƙona masa harshe ba.

Kada ka ɗauka na tsani Tsohon Shugaba. Shekara ashirin da takwas ina goge teburin da ya zauna ya yi rubuce-rubucensa a kan 'yanci, waɗanda jikokinmu ke haddacewa a makaranta. Na san tabaransa fiye da nawa. Mutumin ya yi wa ƙasa aiki, ya ƙi yi wa sarkin Ingila biyayya, ya hau mulki kuma ya sauka da ƙafarsa, ba na hana shi ko ɗaya. Amma wani ne ya hura wutar da ya ji ɗumi yana rubutun, wani ne ya buga jan bulon da aka gina ɗakin, har yau shatin yatsunsa na nan jikin bango kusa da ƙofar madafa. Idan za a yi bikin gidan, a yi na gidan duka. Washegarin zuwana ofishin, da wasu baƙi suka tsaya suna yaba ginin, na ajiye tsumman gugata na kai su na nuna musu yatsun. Da yamma Mista Whitlock ya ce wai na gaji, in je gida in huta sai bayan biki. Na ce madalla, dama abin da na rasa ke nan, lokaci. Tun ranar, kowace safiya nake ɗaukar kujerata da burodin masara in je in zauna gindin al'ul. Duk wanda ya wuce sai na gaishe shi.

Fasto Ligon da dattawan coci suka je suka sami kwamiti, aka yi ta ja. Ga abin da aka tsayar. Duk kabarin da wani jinin mamacin ya tsaya a kansa ya faɗi sunan mai shi a gaban jami'in gunduma, za a kewaye shi a bar shi. Wanda ba a kira sunansa ba, sun ce ramin tsohon kututture ne kawai, ƙasa ta lotsa. Sun ba mu zuwa Lahadi tara ga Mayu. Ranar Litinin katafila za ta dawo da sabon direba.

Yanzu ka gane inda na dosa. Ka tuna yadda Kaka Dicey take yi da mu kowace Lahadi ta biyu ga Mayu, bayan an tashi coci, mu tafi gangaren da tsintsiya da soyayyar kaza. Ba ta yarda a rubuta sunayen ba, ta ce ita an haife ta lokacin da takarda ke sayar da mutum, ba za ta ba takarda ajiyar mutanenta ba. A ƙafa ta zuba mana su. Mu fara daga jikin itace, taku uku mu tsaya mu kira suna, taku uku mu tsaya mu kira suna, in ka yi kuskure ta ja kunnen nan naka ta mayar da kai farko. Ni ta ba ni layi biyu na gaba. Kai ta ba ka na uku, mafi tsufa, na waɗanda suka yi wa Tsohon Shugaba kansa bauta, ta ce tsoffin matattu sai ƙaramin jika, don su fi daɗewa a bakin mai rai. Na yi nawa ranar Asabar. Jami'in ya biyo ni da littafi, na taka na kira, mutum goma sha tara, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, Hosea yana bina yana kafa turaku. Layina biyu sun tsira. Naka ne ya rage, mutum goma sha ɗaya, kuma ta kansa suka zana hanyar shiga.

Na gwada, Roscoe. Na san da Isom mai bulo ake farawa, na san wanzamin yana can wajen ƙarshe, tsakiyar kuwa ta ɓace mini, don ba a taɓa ba ni ita ba. Lorene ta ce in ƙirƙiro mana, wa zai sani. Na ce ni zan sani, su ma za su sani. Ba zan ɗora wa mutum sunan wani ba bayan an riga an raba shi da komai yana raye. Kuma kada ka ce za ka rubuto mini su a takarda. Sharaɗin shi ne a tsaya a kai, ni kuma na san ka, a zaune ba za ka tuna rabinsu ba, sai ƙafarka ta taka wurin za su zo maka.

Ban manta da rantsuwarka ba. Ina tsaye a wurin ranar da ka dawo daga yaƙi da kakinka, ka hau Tudu don ka nuna wa Mama kanka tana aiki, mai gadi ya ce ka zagaya ta ƙofar baya, ta mu baƙar fata. Ka ce ka bar Virginia har abada, kuma ka cika, shekara talatin, ko jana'izar Mama sai furanni ka aiko. Abin ya yi mini ciwo, yau na faɗa maka, amma ban taɓa cewa ba ka da gaskiya ba. Sai dai ka duba, ba ƙofarsu nake kiranka ka shiga ba, ta gaba ko ta baya. Gangaren nan namu ne tun kafin a haifi kakan mai gadin. Fushinka da masu rai ne, waɗannan goma sha ɗayan ba su kore ka ba. In ka zauna a Detroit kana riƙe da zuciya, sai su zuba kwalta su shafa farin layi, kai kuma ka tafi kabarinka da sunayen a ciki, a binne su sau biyu.

Akwai motar da ke isowa garinmu ranar Asabar takwas ga Mayu da la'asar, Hosea zai tsaya maka a tasha. In gwiwa ce, mun tanadi sanda, in ta kama a ɗauke ka a kujera ma akwai majiya ƙarfi. In kuma ba ka zo ba, to ka ji abin da zan yi. Zan sa farar rigata ta coci, in tsaya a layinka a gaban jami'i da Mista Whitlock da duk wanda ya taru, in yi taku uku in ce, wannan Roscoe ne ya san shi. In ƙara taku uku in sake faɗa, har sau goma sha ɗaya. Ranar Litinin kuma a nan katafila za ta tarar da ni a kan kujerata, sai su san yadda za su yi da ni.

Ka gaishe mini da Vernell, ka ce na gode da mayafin, ka kuma ba ta wannan takarda ta karanta, don na san ita za ta haɗa maka kaya. Ka gaida 'ya'yanka Alvin da Bernadine da 'yan jikoki. Lorene da mijinta suna gaisuwa, Fasto Ligon ma ya ce a gaishe ka. Jaririn ba a yi masa suna ba tukuna. Lorene ta ce daga layi na uku take son a ɗauko masa, don haka shi ma kai yake jira.

Allah ya kawo ka lafiya.

Taka yayarka,
Ardelia Pettus