Hannuwan Crisanto

Bataan, 20 ga Fabrairu, 1994

Zuwa ga yayata, Ate Perpetua,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya a Hong Kong, kuma mutanen gidan da kike wa aiki ba sa wahalar da ke. Inay, mahaifiyarmu, tana gaishe ki. Ƙafarta ta yi sauƙi, har tana iya takawa zuwa coci da sanda.

Ate, akwai abin da nake so ki ji daga bakina. Na je Pampanga na ba da sunana cikin waɗanda za a kafa wa ƙusa a kan gicciye ranar Juma'ar mutuwar Ubangiji. Sun karɓe ni. Alkawari ne na ɗauka tsakanina da Allah. Kada ki gaya wa Inay.

Tun da aminina Benigno ya rasu a teku wata huɗu ke nan, ban ƙara jin daɗin fita kamun kifi ba. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Crisanto

*

Hong Kong, 6 ga Maris

Crisanto,

Na gaishe ka, ka gaida min Inay. Wasiƙarka ta same ni ina tsakiyar guga, sai da na ƙona wa uwar ɗakina riga.

Kai da ka suma ranar da aka yi maka allura a makaranta, kai ne za a buga wa ƙusa? Mutum ba ya ɗaukar irin wannan alkawari haka kawai. Masu yi suna yi ne don ɗa marar lafiya ko uwa da ke kwance, kai kuwa ba ka da ko ɗaya. Me ka aikata?

Kuma ka saurare ni. An riga an gicciye Yesu sau ɗaya saboda ni da kai, da son ransa, don yana ƙaunarmu. Bai bar saura ba da zai ce wani masunci ya zo ya ƙarasa masa. Fada, limamin cocinmu, shi ma ba ya goyon bayan wannan abu, ka sani. Ka rubuto min gaskiya.

Yayarka mai ƙaunarka,
Perpetua

*

Bataan, 19 ga Maris

Ate,

Gaisuwa da girmamawa. Kin tambaya, ga shi.

Ba igiyar ruwa ce ta ci Benigno ba. Ranar da safe kifi ya ƙi samuwa, sai na ɗauko kwalbar nakiya da na ɓoye a kwale-kwale. Na ga jirginsa daure can nesa, na zaci ya sauka bakin gaɓa. Ashe ya yi nutso yana duba tarkonsa. Na kunna, na jefa. Kifi suka taso fari fat, shi ma ya taso a cikinsu.

Ni na ɗauko shi zuwa gari. Na ce a haka na tsince shi, kowa ya yarda. Ni na riƙe kan akwatin ranar jana'iza.

Na je wurin Fada na furta komai. Ya ce, "Ɗana, jinin Almasihu ya fi zunubinka girma. An gafarta maka. Amma ka je ka gaya wa matarsa." Na fito daga coci da nauyin da na shiga da shi. Na gaskata abin da kika ce, Ate, da kaina na gaskata. Ƙirjina ne ya ƙi ji.

Duk Asabar ina kai wa matarsa Luz kifi. Takan ce, "Ka gaji, Kumpare, shigo ka sha kofi." Kin san ni ne uban baftismar 'yarsu, shi ya sa take kirana haka. Sau shida na buɗe baki, sai in ji ina tambayarta ko rufin ɗakin yana yoyo. Ƙusa ta fi min kallon fuskarta sauƙi.

Ki yafe min.
Crisanto

*

Bataan, 12 ga Afrilu

Zuwa ga Ate Perpetua,

Ina gaishe ki da sunan Ubangijinmu da ya tashi. Ni ce Luz, matar marigayi Benigno. Saƙon da kika aiko ta hannun Fada ya iso, kina roƙona in hana ƙanenki tafiya Pampanga, tunda ke an hana ki hutu. Ba ki faɗi dalili ba, amma ba sai kin faɗa ba.

Ni na wanke mijina, Ate. Jini ya fito masa ta kunne da hanci. 'Yar masunci ce ni, na san abin da nakiya ke yi wa mai rai. Kuma ban da nasa, jirgin ƙanenki kaɗai ne ya fita wajen a safiyar. Wata shida ina karɓar kifinsa ina dafa wa 'yata, don ba mu da wani, ina jira ya faɗa.

Na je Pampanga da niyyar hana shi. Na isa kafin a fara. Yana tsaye cikin rana da rawanin ƙaya a kai, tsakanina da shi bai fi taku goma ba, masu ɗaukar hoto sun cika wurin. Kalma ɗaya ta isa. Ban faɗa ba. Na tsaya har na ji ƙarar guduma. Na zaci zuciyata za ta yi sanyi, ba ta yi ba. Amai kawai na yi a bayan wata mota.

Hannun damansa ya kumbura ya yi ruwa. Likita ya ce yatsu biyu ba za su ƙara lanƙwasa ba. Shekaranjiya ya zo gidana da hannuwa a naɗe, ya durƙusa a ƙofa ya faɗi komai. Na ce, "Na sani, Kumpare." Ya ce, "Ki gafarta min." Na ce masa gafarar Allah tana nan tun kafin ya nema, amma tawa na duba ko'ina ban same ta ba.

Kullum ina cewa a gafarta mana kamar yadda muke gafartawa, sai harshena ya sarƙe a wurin. Yanzu ni ma ina da abin kai wa Fada. Ki yi mana addu'a mu biyu.

Taki cikin Almasihu,
Luz

*

Bataan, 3 ga Mayu

Ate,

Ina gaishe ki. Za ki ga rubutun ba nawa ba ne. Ba na iya riƙe alƙalami, Inay kuma ba ta gani sosai, sai Luz ta ce in faɗa ta rubuta.

Na gaya wa Inay. Gobe zan kai kaina wurin 'yan sanda, Fada zai raka ni. Ban san abin da za su yi da ni ba, ban kuma san wa zai kula da gidajen nan biyu ba.

Luz ba ta ce ta yafe ba. Ban sake tambaya ba. Ta ce in gaya miki ita ma tana gaishe ki.

Ƙanenki,
Crisanto