Kwakwar Cibiyata

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi. Yaya Mama da ƙannena, yaya gonar doya? Ni lafiya lau nake a birnin Vila, a gidan Kawu Bong. A kicin nake kwana, amma akwai ɗumi, kada ku damu.

Jiya Kawu Bong ya dawo daga aiki ko abinci bai taɓa ba. Ya ce na'urar da shi da abokan aikinsa suka kafa a kan dutsenmu mai aman wuta tana jin motsi, amma saƙonta yana yankewa. Eriyar bayan gidanmu na ƙauye ce ke turo saƙon zuwa nan, ganyen bishiyar kwakwata kuma ya tare ta, musamman in an yi ruwa. Wai an turo masu sare bishiyar, ka kore su.

Na ce, "Kawu, in dutsen ya tashi fa?"

Ya ce, "Sarkin kunya, yau kin yi baki? Sai dai ubanki mai taurin kai ya ji a tafin ƙafarsa."

Na san a gindin kwakwar nan ka binne cibiyata. Ban taɓa roƙonka komai ba, Baba. Don Allah ka sare ta. In na dawo, ku nake so in tarar.

Allah ya tsare ku.

'Yarka,
Limwel