Ranar da Aruna ya yi jifa a madadina

Al Rayyan, Doha.

Zuwa ga yayata Zuleiha, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin lafiya, ke da 'yarki Nasiratu da Inna. Allah ya ƙara miki haƙuri, ya jiƙan mijinki Aruna, ya haskaka makwancinsa. Ni lafiya ƙalau, aikin gadi yana tafiya. Na ji daɗin jin ciwon ƙafar Inna ya yi sauƙi, kodayake na san ta, da ta ji dama-dama sai kasuwa.

Kin tambaye ni game da ƙatuwar safar fata ta hannu ɗaya da kika tarar cikin kayan Aruna, har Inna tana zargin wani asiri ne ya ɗauko. Ku kwantar da hankalinku, ta wasa ce. Ana kiransa besbol: mutum ɗaya ya jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani ya tsaya da kulki yana neman ya make ta. Wani dattijo ɗan Filifin, makanikin kamfaninmu, shi ya haɗa ƙungiya, muna yi da safiyar Juma'a a wani fili bayan masauki. Da ya ga yadda Aruna yake jifa sai ya riƙe baki. Ni kuwa na ce masa ai jifan mangwaron maƙwabta ne ya horar da shi tun muna yara.

Mu huɗu ne masu jifa: Aruna, ni, Mumin ɗan Tamale, da Ɗantala mutumin Zariya. Dattijon kullum zancensa ɗaya ne. Yakan ce ƙungiyoyin da suka yi suna a tarihin wasan, can Amurka, ba gwani ɗaya ya ɗauke su ba, masu jifa huɗu ko biyar ne da kowa ke riƙe ranarsa, ya yi ya huta, na gaba ya karɓa. Yakan ce duk wanda ya yi jifa yau haramun ne ya yi gobe, domin jiki ba inji ba ne. Ya rubuta sunayenmu a jere a kan allo, yana cika baki wai a duk Doha babu huɗu irin nasa. Mun yi ta dariya, amma a zuci kanmu ya kumbura.

Yaya, yanzu zan faɗa miki abin da na ɓoye miki wata bakwai. Na ce miki Aruna ya yanke jiki ya faɗi da safe, likita ya ce zuciya ce. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba. A hutun babbar Sallah aka shirya gasa ta kwana huɗu a jere. Ranar farko ta Aruna ce, ya yi jifa har ƙarshe cikin zafin da ba ki taɓa jin irinsa ba, muka ci. Rana ta biyu tawa ce, kuma da ƙungiyar da ta fi kowa za mu kara. Tsoro ya kama ni, tsoron kunya a gaban jama'a. Sai na ce kafaɗata tana ciwo. Ƙarya nake yi. Mumin da Ɗantala suna bakin aiki a ranar. Dattijon ya ce a bar wasan kawai. Aruna ya dube ni, ya ce ƙanin matarsa ba zai sa a ce 'yan Zangon Kumasi sun gudu ba, ya karɓi ƙwallon. Na tabbata ya gane ni. Ina zaune a inuwa da ruwan sanyi a hannuna lokacin da ya durƙusa, bai sake tashi ba.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, limaminmu ya faɗa mini, na kuma yarda. Amma tun ranar kafaɗar nan da na yi wa ƙarya take ciwo da gaske. Asibiti sun duba sau biyu ba su ga komai ba. Takan lafa, amma da zarar Juma'ar da ta zama tawa ta zo, sai ciwon ya dawo. Dattijon ya kasa goge sunan Aruna daga allo, don haka kowane wata ranarsa tana zagayowa, mu ukun mu tsaya muna kallon ƙasa. In na tsaya a tudun jifa, nakan ji gyaran muryarsa a bayana, irin wadda yake yi kafin ya tsokane ni. Na daina waiwayawa. Wallahi ina kewarsa, kuma ina jin kunyarsa fiye da lokacin da yake raye.

Ban faɗa wa kowa ba sai ke, don ke aka yi wa rashin. Gafararki nake nema. In ba za ki iya ba yanzu, ba zan ga laifinki ba. Ko za a gaya wa Nasiratu in ta girma, wannan ke za ki yanke.

Ki gaida Inna, da Goggo Atine, da 'yan uwan Aruna na unguwar Aboabo. Ki shafa mini kan Nasiratu. Hutuna yana zuwa bayan azumi, amma ba zan sayi tikiti ba sai na ji daga gare ki ko akwai sauran wurina a gidanki.

Ƙaninki, in kin yarda,
Masahudu.