Gem Ɗin Da Kawu Ya Kulle A Shago

Zuwa ga Malam Tela,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da keken ɗinki.

Ni ne Babban Manajan kamfanin da ya ƙera akwatin gem ɗin da ka saya wa yaranka. Kada ka yi mamakin ganin ajami, muna da ma'aikaci na musamman saboda dattawa irinka.

Mun samu labarin ka ƙwace gem ɗin, ka ce yana ɓata tarbiyya, ka kulle shi a shago. To, akwatin nan yana da ido. Jiya bayan azahar ya gan ka ka sakaya ƙofa, ka tuɓe hula, ka naɗe hannun riga, kana buga tanis da rimot. Wata 'yar tsanar cikin gem ɗin mai jan wando ta cinye ka sau bakwai.

Ka mayar wa yara kayansu nan da kwana uku, in ba haka ba mu nuna hotonka a kowace talabijin. Ka saka amsa ƙarƙashin bencin ƙofar shago, wakilinmu zai ɗauka.

Ka huta lafiya.
Babban Manaja.

*

Ranka ya daɗe Babban Manaja,

Ina gaisuwa da ban girma. Na karanta takardarka.

Ba wasa nake yi ba. Wata huɗu ke nan hannuna na dama yana rawa, almakashi yana suɓuce mini. Likita ya ce in riƙa motsa shi kullum, shi ya ba ni shawarar wasan nan. Na kasa yi a gaban yara, shi ya sa na laƙa wa gem laifi. Ko uwar 'ya'yana ba ta sani ba. In hoton nan ya fita, ba tsallena mutane za su kalla ba, hannun za su kalla. Wa zai kawo wa tela mai rawar hannu yadinsa?

Na zare wayarsa, na ƙunshe shi a buhu, na juya idon ya kalli bango. Ba zan ƙara taɓa shi ba. Ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka.

Naka mai biyayya,
Tela.

*

Yaya,

Sannu da aikin asibiti, ya masu jiki? Na ba direba wannan da kwafin takardar da na rubuta wa Kawu da sunan manaja, da amsarsa, ki karanta ki ga abin da na jawo. Ta taga na leƙa na ga Kawu, wallahi na ɗauka nishaɗi yake yi shi kaɗai ya hana mu.

Yau kwana biyu bai buɗe shago sosai ba. Da safe na kai masa ruwan zafi, kofin yana kaɗawa a hannunsa har ya zuba a zanen wata amarya. Ya dube ni ya ce, "Auta, kai da ka san kayan zamani, abin da na'ura ta gani yana goguwa?" Na ce ban sani ba, na fice.

Yaya, in hannun nan ya mutu ni na kashe shi. In sake rubutawa in ce kamfani ya yafe? Kada ki gaya wa Umma.

Ƙaninki,
Auta.

*

Auta,

Lafiya lau. Kai dai ba ka da kai. In ka ce kamfani ya yafe, zai ci gaba da yarda akwatin yana kallonsa, ba zai sake ɗaukar rimot ba. Irin wannan hannu kuwa ba a barinsa ya huta. Yau ɗin nan ka gaya masa. Ba zan faɗa wa Umma ba, amma ba zan shigar maka ba.

Yayarka.

*

Zuwa ga Malam Tela,

Bayan gaisuwa, kamfani ya zauna ya duba maganarka, kuma

A'a. Kawu, bari in daina.

Akwatin ba shi da ido. Taga ce take da tsaga, idon kuma nawa ne. Babu hoto a ko'ina. Yaya kaɗai na nuna wa takardarka saboda tsoro, ita kuma bakinta ya fi ƙofar shagonka kulluwa.

Ka kwance buhun nan yau. Rimot biyu ne, in ka yarda in riƙa shigowa bayan azahar mu sakaya ƙofa, ni zan ma fi 'yar tsanar sauƙin ci. In dukana za ka fara yi, na cancanta, sai dai ka yi da hannun dama.

Ka yafe mini.

Babu wani manaja. Ni ne,
Auta, ɗan ƙanwarka.