Kada Ki Ce Na Ramar Da Mijinki

Inna,

Bayan gaisuwa, yaya ƙafar taki? Yaya Baba da su Auta? Mu nan lafiya lau. Aikin guga a otal yana tafiya, tsayuwar ce dai, ita ma na saba.

Na ji saƙonki kan hoton jikanki, mijin naki na wasa, wai ya yi ɓul-ɓul, ƙasar nan da muka zo ta karɓe shi. Inna, ba karɓa ba ce. Asmarsa ta tashi a matakalar gidanmu, sai da maƙwabciya ta taya ni kai shi asibiti. Ya warware, kada ki tayar da hankalinki.

Likita ta ce hanyar numfashin mai asma a kumbure take, yawan kitse kuma yana ƙara rura kumburin. Ni kuwa tsoron haki ya sa na hana shi ƙwallo, in zan fita aiki sai in bar shi da talabijin da biskit. Yanzu ta ce ya yi wasansa, maganin shaƙa a aljihu. Na hana lemon kwalba, har gaba yake yi da ni.

Roƙona ɗaya, in kuna waya ki daina tambayarsa ko yana ƙoshi. Da maganarki yake kafa mini hujja.

A hoto na gaba za ki ga wuyansa ya fito. Kada ki yi kuka, ki sa albarka. Jiya ya hau matakalar nan yana zuba mini surutu, bai tsaya ba har ƙofa.

Allah ya bar mana ke.

'Yarki