Hon Uku a Kawo

Assalamu alaikum, Yaya Hansai.

Da fatan kuna lafiya, ke da Inna da mutanen Kawo baki ɗaya. Ya jikin Baba? Kin ce yanzu ko sunanki ba ya kamawa. Allah ya sawwaƙe.

Ni lafiyata ƙalau, kada Inna ta damu. Sanyi ne kawai, sai kuma takarduna da aka sake ƙi. In na fito ƙasar nan ba damar dawowa, shi ya sa bana ma ba za ku gan ni ba. Na daina cewa baɗi.

Tsohon Baturen da nake jinya yana tara ƙananan jiragen ƙasa, kowanne bai wuce tafin hannu ba. A ciki na ga kan jirgi mai shan dizal, sak irin wanda Baba ya tuƙa zuwa Kano. Ya bar mini shi, na yi masa koren fenti. Har hon yake yi.

Kin tuna in Baba ya doso Kawo yakan danna hon sau uku, Inna ta ɗora tukunya? Na danna nawa sau uku, na turo miki ƙarar ta waya. Don Allah ki kunna masa daidai kunne.

In ya ɗago kai, ki sanar da ni. In bai ɗago ba, Yaya, kada ki gaya mini.

Ƙaninki,
Rilwanu