Gangaren Hanyar Doguwa

Laraba da dare

Yau yaron nan nawa ya kai ni Doguwa barkar haihuwa a ƴar motarsa mai shan gas. Tun daga Tudun Wada yake ta yi wa fasinja kurin gyara, wai bakanike ya wanke nozul, ya rage famfon mai, yanzu jarka ɗaya ke kai shi ta dawo da shi. Na ji daɗi a raina, don na san yadda gas ke cinye masa gumi.

Ashe akwai dabarar da bai faɗa ba. Muna zuwa gangare sai ya kashe inji, wai kar ta sha mai a banza. Sai ga shanu sun fito kan titi. Ya taka birki, birki ya yi tauri, ya ƙi kamawa.

Ɗan farina ne, tunda na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, saboda kunya. Sai dai na ji bakina ya ce, "Kabiru! Tayar da ita!" Ya murza makulli, Allah ya tsare, muka tsaya dab da wata saniya. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuskata.

Bayan magariba ya shigo gaishe ni, kansa a ƙasa. Ya ce, "Inna, na daina."

Na ce, "To. Amma ranar kasuwa da ni za a tafi, kuma a gaba zan zauna."